Maganin riƙe ciki ga mai yawan ɓari: wanne ke aiki, kuma ga wace mace?

Macen da ta yi ɓari sau biyu ko uku a jere, idan ta sake ganin alamar shigar ciki, abin da ta fi nema a wurin likita shi ne a ba ta wani abu da zai riƙe mata cikin. Yawancin abin da ake rubuta mata a irin wannan hali magungunan homon ne, wato sinadaran da jiki da kansa yake samarwa domin tafiyar da al'ada, saukar ƙwai da renon ciki. Akwai furojestaron da ake cusawa ta gaba, irin su Cyclogest da Utrogestan. Akwai ƙwayar sha ta daidirojestaron wadda aka fi sani da Duphaston. Akwai allurar mai da ake yi a ɗuwawu mako-mako, akwai allurar hCG, wato homon ɗin da awon ciki na fitsari ke ganowa, sannan akwai magungunan da ke gyara wasu homon ɗin da ba na mahaifa ba ne kai tsaye, kamar na tayirod da na ruwan nono. Duk ana kiransu maganin riƙe ciki, amma hujjar da ke bayan kowannensu ta sha bamban ƙwarai, kuma wanda ya dace da wata macen bai dace da wata ba.

Kafin a auna wani magani da wani, akwai adadi guda da ya kamata mace da maigidanta su riƙe. A shekarar 2015 aka fitar da sakamakon wani babban gwaji mai suna PROMISE, wanda Farfesa Arri Coomarasamy na Jami'ar Birmingham ya jagoranta a asibitoci 45 na Birtaniya da Holan, a kan mata 836 waɗanda kowaccensu ta yi ɓari aƙalla sau uku ba tare da an gano dalili ba. An raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a, aka ba wani rukuni furojestaron, ɗaya rukunin kuma aka ba shi holoƙo mai kama da maganin amma babu komai a cikinsa, kuma daga matan har likitocinsu babu wanda ya san wacce ta samu wanne. A cikin waɗanda suka samu holoƙon, kashi 63.3 cikin 100 sun haifi 'ya'yansu da rai. Ke nan kusan biyu cikin uku na matan da suka riga suka yi ɓari uku ko fiye sun kai ga haihuwa da kulawar asibiti kaɗai. Wannan ne ya sa kowane maganin riƙe ciki, na asibiti ne ko na gargajiya, yake da matan da za su yi masa shaida bilhaƙƙi cewa sun sha kuma cikin ya tsaya. Ba ƙarya suke yi ba, sai dai da yawa daga cikinsu da ma cikin zai tsaya. Abin aunawa shi ne yawan 'ya'yan da magani ya ƙara a kan waɗannan 63.

Dalilin da ya sa hankalin likitoci ya karkata ga furojestaron a fili yake. Bayan ƙwai ya sauka, gurbin da ya bari a ma'ajiyar ƙwai yakan zama wani ɗan ƙulli mai launin rawaya da ke fitar da wannan homon, wanda ke ƙara wa bangon mahaifa na ciki kauri, yana kuma kwantar da tsokarta don kada ta riƙa murɗawa. Tsakanin mako na 7 da na 9 mabiyiya take karɓar aikin. A farkon shekarun 1970 wani likita mai bincike a Amurka, Arpad Csapo, ya nuna cewa idan aka cire ƙullin nan kafin mako na 7 ciki yana zubewa, idan kuma aka maye gurbinsa da furojestaron cikin yana tsayawa. Saboda haka babu jayayya cewa ciki ba ya zama sai da shi. Inda gizo ke saƙar shi ne, ƙarancinsa a jinin mace sau da yawa alama ce ta cewa cikin ya riga ya fara lalacewa saboda wani dalili dabam. Rabin ɓarin watanni ukun farko, ko ma fiye, yana faruwa ne saboda kuskure a ƙwayoyin halittar ɗan tayin tun lokacin haɗuwar ƙwai da maniyyi, kuma babu homon ɗin da ke gyara wannan. Irin wannan kuskure yana ƙaruwa da shekarun uwa: wani bincike a Norway da aka buga a 2019 ya gano cewa ɓari ya tsaya a wajen kashi 10 cikin 100 ga mata 'yan shekara 25 zuwa 29, amma ya haura rabi ga waɗanda suka kai 45. Awon furojestaron a jini sau ɗaya ma ba ya yanke hukunci, domin jiki yana sakinsa ne kashi-kashi, adadinsa kan hau ya sauka cikin sa'o'i kaɗan.

Furojestaron na cusawa

Wannan shi ne wanda aka fi gwadawa, kuma shi ne ma'aunin da za a ɗora sauran a kai. A gwajin PROMISE an ba matan miligiram 400 safe da yamma, daga ranar da awon fitsari ya nuna ciki har zuwa ƙarshen mako na 12. Kashi 65.8 cikin 100 suka haihu, a gefen 63.3 na masu holoƙo. Tazarar ba ta kai yadda za a ce maganin ne ya jawo ta ba, domin sa'a kaɗai tana iya samar da irinta. Sakamakon bai yi wa likitoci da yawa daɗi ba, tun da an shafe shekaru ana rubuta maganin da kyakkyawan zato.

Sai gwaji na biyu, PRISM, wanda ayarin masu binciken nan dai suka fitar a 2019. Wannan karon sun ɗauki mata 4,153 a asibitoci 48 na Birtaniya, waɗanda suka zo da zubar jini a farkon ciki kuma hoton ciki ya nuna cewa cikin yana cikin mahaifa. An ba su adadin maganin nan dai, amma har zuwa mako na 16. A jimlace kashi 75 cikin 100 na masu magani suka haihu, 72 na masu holoƙo, tazarar da ta ɗan gaza kaiwa iyakar da masana lissafi ke amincewa da ita. Da aka rarraba matan bisa tarihinsu sai wani abu ya fito. Waɗanda ba su taɓa ɓari ba, maganin bai ƙara musu komai ba: 74 da 75. Waɗanda suka taɓa yi sau ɗaya ko biyu, 76 da 72. Waɗanda suka yi sau uku ko fiye kuwa, 72 da 57. Wannan tazara ta ƙarshe ba ƙarama ba ce, domin tana nufin cewa a cikin irin waɗannan mata bakwai ko takwas da aka ba maganin, ɗaya za ta rungumi jaririn da da ba ta samu ba.

A kan wannan ne hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, ta ba da umarni a watan Nuwamban 2021 cewa macen da ke zubar da jini a farkon ciki, kuma ta taɓa ɓari ko da sau ɗaya ne, kuma hoto ya tabbatar cikin yana cikin mahaifa, a ba ta miligiram 400 sau biyu a rana, idan an ga bugun zuciyar ɗan tayi a ci gaba har ƙarshen mako na 16. Ƙungiyar masana haihuwa ta Turai, ESHRE, ta fi taka-tsantsan, ta taƙaita maganar a kan wadda ta yi ɓari uku ko fiye kuma take zubar da jini. Kwalejin likitocin mata ta Birtaniya, RCOG, a ƙa'idarta ta 2023, ta goyi bayan bayarwa ga mai yawan ɓari idan jini ya ɓalle, ta kuma yi kashedi a kan bayarwa barkatai ga wadda ba ta ga jini ba.

Akwai raunin da ya kamata a faɗa. Rukunin masu ɓari uku a PRISM mata 285 ne kacal cikin dubu huɗun nan, kuma sakamakon ƙaramin rukuni yakan zo da zuzutawa, ta yiwu amfanin na ainihi bai kai kashi 15 ba. Duk gwaje-gwajen biyu ba su ɗauki macen da ta haura shekara 39 ba. Sannan a Turai aka yi su, inda zazzaɓin cizon sauro da ƙarancin jini ba sa cikin lissafi. Duk da haka, a ganina hujjar ta isa a yi aiki da ita, saboda yadda amfanin yake hawa mataki-mataki da yawan ɓarin baya ya dace da abin da aka sani: gwargwadon yadda ɓari ke maimaituwa, gwargwadon yadda ake samun lafiyayyun 'yan tayi a cikin waɗanda ke zubewa, su kuwa su ne magani zai iya cetowa. Bugu da ƙari, ba a ga ƙarin nakasa ga jariran da aka haifa a gwaje-gwajen biyu ba. Illolinsa ga uwa masu sauƙi ne: fitar farin abu ta gaba daga ragowar maganin, nauyin mama, kasala, wani lokaci taurin bayan gida. Cyclogest ana iya sa shi ta dubura idan jinin ya yi yawa ko macen ta fi son haka. Akwai ƙwararrun da ke ganin tsayawa a mako na 12 ya wadatar tun da mabiyiya ta riga ta kama aiki, amma mako 16 aka gwada, shi ya sa ƙa'idar ta tsaya a nan.

Wadda ta fi shiga tsaka mai wuya ita ce mai tarihin ɓari wadda ba ta ga ko ɗigon jini ba a sabon cikin. PROMISE a kanta aka yi shi, kuma bai nuna amfani ba. Da masu binciken suka sake nazarin alƙaluman gwaje-gwajen biyu a 2020 sun ga alamar cewa a nan ma amfanin yana ƙaruwa da yawan ɓarin baya, kuma wannan ne ya sa wasu likitoci ke ba wadda ta yi huɗu ko biyar tun daga farko. Ba laifi ba ne likita da mace su yanke wannan shawara tare, matuƙar an gaya mata gaskiya cewa zato ne mai kyau, bai kai tabbaci ba. Ga wadda ta yi ɓari biyu kuma ba ta jini, kuɗin maganin na watanni uku zai fi amfani idan aka kashe shi a binciken dalili.

Duphaston da allurai

Duphaston yana da abubuwan da suka sa mata da likitoci suke sonsa. Ƙwaya ce ta miligiram 10 da ake haɗiya da ruwa, ba ta narkewa a zafi, ba ta sa barci kamar yadda furojestaron na ainihi ke yi idan aka sha shi ta baki, kuma macen da ke jin nauyin cusa magani ta gaba, musamman tana cikin jini, ta fi samun natsuwa da ita. Ga wadda ke zaune a gidan yawa, ɗaki ɗaya da yara, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Hujjarsa ce ba ta kai ta na cusawa ƙarfi ba. Binciken da ake yawan kafa hujja da su, ɗaya daga Jodan a 2005, ɗaya daga Indiya a 2014, sun ba da rahoton raguwar ɓari, amma na farkon bai yi amfani da holoƙo ba, na biyun kuma an fara ba da maganin ne bayan an ga ɗan tayin da rai, lokacin da mafi hatsarin kwanakin suka riga suka wuce. Dukansu ƙanana ne idan aka gwada su da PRISM. A 2021 wani gwaji a Hong Kong a kan mata 406 masu zubar jini a farkon ciki ya sami ɓari kashi 12.8 cikin 100 ga masu Duphaston, 14.3 ga masu holoƙo, wato babu bambancin a zo a gani.

Ta fuskar lafiyar jariri, manyan gwaje-gwaje biyu da ake kira Lotus, waɗanda aka yi a kan matan da aka yi wa dashen ƙwai (wato aka haɗa ƙwai da maniyyi a ɗakin gwaji aka dasa a mahaifa) kuma kamfanin da ke yin maganin ya ɗauki nauyinsu, ba su ga ƙarin nakasa ba idan aka gwada shi da na cusawa. Wasu rahotanni na daban sun ɗaga tambaya a kan lahanin zuciya da na mafitsarar jarirai maza, kuma masana suna kan muhawara a kai. Daidirojestaron ba kwafin homon ɗin jiki ba ne sak, an ɗan sauya ƙirarsa, kuma ba a sayar da shi a Amurka. Idan duka biyun suna samuwa kuma aljihu zai ɗauka, na cusawa ya fi cancanta. Duphaston zaɓi ne na biyu ga wadda ba za ta iya amfani da na farkon ba ko ba ta same shi ba.

Allura kuwa tana da farin jini a wurinmu, saboda an daɗe da ɗauka cewa ta fi ƙwaya ƙarfi da saurin shiga jiki. Wadda aka fi yi wa masu ciki ita ce 17-OHPC, mai sunayen kasuwa irin su Primolut Depot da Proluton Depot, sau ɗaya a mako. Babu wani babban gwaji na zamani da ya nuna tana ƙara yawan haihuwa ga mai yawan ɓari. A Amurka an taɓa amincewa da ita da sunan Makena domin hana haihuwar bakwaini, amma bayan gwajin PROLONG a kan mata 1,708 ya kasa nuna amfani, hukumar kula da magunguna ta ƙasar, FDA, ta janye amincewar a watan Afrilun 2023. A watan Mayun 2024 kwamitin kula da illar magunguna na Tarayyar Turai ya ba da shawarar dakatar da ita baki ɗaya, saboda rashin amfani da kuma zargin da ba a tabbatar ba na ƙarin hatsarin cutar daji ga waɗanda aka yi wa iyayensu ita suna ciki. Macen da aka taɓa yi wa wannan allura a baya kada hankalinta ya tashi, zargin bai tabbata ba. Amma wadda ake shirin fara yi wa yanzu tana da haƙƙin tambayar likita me ya sa ba za a ba ta na cusawa ba. Akwai kuma allurar furojestaron na ainihi cikin mai, irin Gestone, wadda ake yi kullum, tana da zafi, tana iya barin ƙulli ko ƙurji a wurin, kuma wurinta na ainihi shi ne ɗakin dashen ƙwai.

A nan akwai ruɗanin suna mai hatsari. Primolut N, ƙwayar da mata suka sani ta ɗage al'ada lokacin aikin Hajji ko azumi, ba 'yar'uwar Primolut Depot ba ce a wajen aiki. Sinadarinta dabam ne, an hana shan ta da ciki, kuma da yawanta tana iya shafar halittar al'aurar jaririya mace. Haka nan allurar tazarar haihuwa ta wata uku, duk da tana cikin dangin furojestaron, ba ta da alaƙa da riƙe ciki. Wannan kaɗai ya isa dalilin da zai hana mace aika yaro kemis da sunan magani a baki.

Allurar hCG, wato homon ɗin da awon fitsari ke ganowa, an yi tunanin za ta zaburar da ƙullin nan mai rawaya ya ƙara aiki. Nazarin 2013 na cibiyar Cochrane, mai tace sakamakon gwaje-gwajen magani, ya tattara gwaje-gwaje biyar a kan mata 596, ya ga kamar akwai amfani, amma da aka cire biyu mafi rauni sai amfanin ya ɓace. Ga tsada, ga buƙatar sanyi wajen ajiya, ga rashin hujja. Babu wata babbar ƙa'ida da ke ba da shawarar ta.

Tarihi yana da abin faɗa a kan bayar da homon ga mai ciki bisa zato. Daga shekarun 1940 an riƙa ba miliyoyin mata a Amurka da Turai wani homon na haɗi mai suna DES domin hana ɓari. Tun 1953 wani gwaji a Chicago ya nuna ba ya hana komai, amma aka ci gaba da rubuta shi har 1971, lokacin da likitoci a Boston suka gano wata cutar daji ta farji da ba a saba gani ba a jikin 'yan matan da iyayensu suka sha shi. Furojestaron na ainihi ba DES ba ne, kuma an bincike shi fiye da yadda aka binciki DES nesa ba kusa ba. Amma daga nan ne likitocin mata suka koyi neman hujja kafin rubuta homon ga mai juna biyu.

Homon ɗin da sai awo ya nuna

Sauran magungunan ƙa'idarsu ɗaya ce: suna aiki sosai idan awon jini ya nuna matsalar da suke gyarawa, ba sa yin komai idan bai nuna ba. Tayirod, ƙullin nan na gaban wuya da ke kumbura ya zama maƙoƙo, idan ya gaza aiki a fili yana jawo ɓari, yana kuma shafar ƙwaƙwalwar jariri. Maganinsa libotairoksin ne, ƙwaya ɗaya kowace safiya kafin karin kumallo, mai araha, kuma wadda da ma take sha tana buƙatar ƙarin kusan kashi 25 zuwa 30 cikin 100 da zarar ciki ya shiga. Awon da ake yi sunansa TSH, adadinsa kuma yana hawa ne idan aikin tayirod ya ja baya. Idan ya haura 4 amma sauran alamomi ba su bayyana ba, RCOG ta ce za a iya duba yiwuwar ba da maganin, tsakanin 2.5 da 4 kuwa ba ta ga dalilin bayarwa a kai a kai ba. Akwai kuma matan da tayirod ɗinsu yana aiki daidai amma jininsu yana ɗauke da garkuwar da ke yaƙar sa, kuma an san sun fi yawan ɓari. An yi zaton maganin zai taimake su. Gwajin TABLET na 2019 a kan mata 952 a Birtaniya ya sami haihuwa kashi 37.4 cikin 100 ga masu magani, 37.9 ga masu holoƙo, kuma gwajin T4-LIFE na 2022, wanda aka yi a kan masu yawan ɓari zalla, ya sami 50 da 48. Irin waɗannan mata abin da suke buƙata shi ne a riƙa auna TSH ɗinsu lokacin ciki, saboda wasunsu aikin tayirod ɗin yakan ja baya a tsakiyar tafiya.

Homon ɗin ruwan nono, furolaktin, idan ya yi yawa yakan rikita al'ada, ya sa nono ya riƙa tsatsafar da ruwa ba tare da shayarwa ba. Hujjar cewa rage shi da ƙwayar buromokiriftin yana hana ɓari ta tsaya ne a kan ƙaramin gwaji guda a Japan a 1998, mai mata ƙasa da 50. Macen da al'adarta ke zuwa daidai ba ta buƙatar ko awon. Ciwon suga kuwa maganarsa ta fi nauyi: sugan da ba a daidaita ba a makonnin farko yana ƙara ɓari da nakasa, kuma gyaransa, da insulin ko da ƙwaya, dole ne ya fara kafin a ɗauki ciki, domin lokacin da mace za ta gane ta yi ɓatan wata gaɓoɓin ɗan tayin sun riga sun fara ginuwa.

Sai dangin furedinisolon da dekzametason, waɗanda wasu ke bayarwa da sunan kwantar da garkuwar jiki don kada ta ƙi ɗan tayi. Wani gwaji a Kanada a 1997, a kan mata 202, ya haɗa irin wannan magani da asfirin, bai sami ƙarin haihuwa tabbatacce ba, amma haihuwa kafin lokaci ta kai kashi 62 cikin 100 ga masu magani, a gefen 12 ga masu holoƙo, ga ƙarin hawan jini da suga ga iyayen. Ba a ba da shi ga ɓarin da ba a san dalilinsa ba.

Akwai kuma dalilan ɓari da homon ba shi da hurumi a cikinsu, kuma macen da ke da ɗaya daga ciki za ta iya shan Duphaston ciki bayan ciki ba tare da komai ya sauya ba. Mafi muhimmanci a cikinsu ita ce larurar antifosfolifid, wadda ke sa jini daskarewa a ƙananan jijiyoyin mabiyiya. Ana tabbatar da ita da awon jini sau biyu, mako 12 a tsakani, maganinta kuma ƙaramin asfirin ne tare da allurar hefarin. Mahaifa mai shamaki a tsakiya, ko ƙarin da ya tsiro zuwa cikin kogonta, hoto ne ke gano su. Wadda cikinta ke zubewa a wata na huɗu zuwa na shida, ba tare da naƙuda mai zafi ba, sai dai ta ji nauyi ko faya ta fashe, bakin mahaifarta ake zargi, kuma maganar a nan ta ɗinke shi ce wajen mako na 12 zuwa 14, ko furojestaron na cusawa miligiram 200 da dare idan hoto ya nuna tsawonsa bai wuce milimita 25 ba. A ƙasashenmu dole a ƙara da zazzaɓin cizon sauro, tunjere, sikila da hawan jini, waɗanda ba su da wani gurbi a gwaje-gwajen Birtaniya amma suna da shi a ɗakunan awonmu. Awon TSH da na suga da hoton mahaifa ana samunsu a manyan asibitocin jihohi, na antifosfolifid kuma yawanci sai an dangana da asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano, na Shika a Zariya, na Sakkwato da na Maiduguri, ko manyan ɗakunan gwaji masu zaman kansu. Lokacin yin waɗannan shi ne tsakanin ciki da ciki, tare da fara shan folik asid.

Wadda aka rubuta wa na cusawa tana da aiki biyu a gabanta. Na farko ajiya: Cyclogest an yi shi ne da kitsen da ke narkewa da ɗumin jiki, kuma an rubuta kada ya wuce digiri 30 na ma'aunin zafi, alhali a watannin Maris zuwa Mayu garuruwa irin su Sakkwato, Maiduguri da Damagaram suna haura 40. A saye shi a kantin magani mai sanyaya ɗaki, a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, a ajiye shi a wuri mafi sanyi a gida, wanda ya narke ya sauya siffa kuma kada a yi amfani da shi.

Na biyu shi ne hoton ciki, kafin a fara da kuma bayan an fara. Jini a farkon ciki yana iya zama alamar cikin da ya zauna a waje da mahaifa, wanda idan ya fashe yana kisa cikin sa'o'i, kuma macen da ta samu natsuwa cewa tana kan maganin riƙe ciki tana iya jinkirin zuwa asibiti. Ciwon mara mai tsanani ta gefe ɗaya, ciwon kafaɗa, jiri ko suma, ko jinin da ke jiƙa ƙunzugu fiye da ɗaya cikin sa'a, duk na gaggawa ne ko da tsakar dare. Haka nan ɗan tayi yana iya rasuwa a ciki ba tare da jiki ya fitar da shi ba, maganin kuma yana iya ƙara jinkirta fitarsa, har a shafe makonni ana cewa cikin kwanciya ya yi. Idan hoton farko bai nuna bugun zuciya ba saboda cikin ƙarami ne, ana maimaita shi bayan mako ɗaya zuwa biyu. Idan na biyun ya tabbatar babu bugu, ana dakatar da maganin, likita ya tattauna da macen ko za a jira ya fita da kansa, ko a ba ta maganin fitarwa, ko a yi mata wankin ciki.